Daga Bulalar Rumawa Zuwa Jelar Ƙwayar Cuta: Tarihin Kalmar Flagellum

Cikin kalmomin da ɗalibin kimiyyar halittu yake karo da su tun yana makarantar sakandare akwai flagellum, wadda jam'inta shi ne flagella. Abin da ake nufi da ita shi ne wani siririn zare da yake fita daga jikin waɗansu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani, wanda da shi ne suke yin iyo cikin ruwa, ko cikin jini, ko cikin hanjin mutum. Malami yakan zana shi a allo, ɗalibi ya haddace sunan domin jarrabawa, a wuce wurin. Da wuya a sami wanda zai gaya masa cewa kalmar nan ba Turanci ba ce, kuma ta shekara kusan dubu biyu a bakin mutane kafin a ɗora ta a kan ƙwayar cuta. Ga wanda zai fassara littafin kimiyya zuwa Hausa kuwa, sanin asalinta ya zama tilas, domin in bai san abin da masu raɗa sunan suka gani ba, ba zai san ko ya dace ya bi sawunsu ba.

Kalmar daga Latin take, watau harshen Rumawan dā. Tushenta flagrum, ma'ana bulala. Sai aka yi mata ɗafin ƙanƙantawa a ƙarshe ta koma flagellum. Abin da Latin yake yi da ɗafa ƙeya, Hausa da kalma mai zaman kanta take yin sa a gaba, kamar yadda ake cewa ɗan akwati ko 'yar tukunya. Saboda haka fassarar kalmar harafi da harafi ita ce 'yar bulala. Amma kada ƙanƙantawar nan ta ruɗi mai karatu. Rumawa suna da abubuwan duka hawa hawa, kamar dai yadda Bahaushe ya bambanta tsumagiya da bulala da dorina. Akwai ferula, 'yar sandar da malami yake tsawata wa yara da ita. Akwai scutica, bulalar fata mai sauƙi. Sa'an nan akwai flagellum, wadda ita ce mafi muni, domin wani lokaci akan ɗaura mata ƙasusuwa ko guntayen ƙarfe yadda za ta yagi nama. Mawaƙinsu Horace, cikin waƙoƙin zambo da ya fitar wajen shekara ta 35 kafin Miladiyya, ya yi amfani da bambancin nan wajen nuna cewa bai kamata laifin da ya cancanci ƙaramar bulala a hukunta shi da babba ba. Bayi ake yi wa wannan dukan. Dokokin da ake kira na Porcia sun hana a tsula wa ɗan ƙasar Rum bulala, shi ya sa lokacin da Cicero ya gurfanar da gwamna Verres a shekara ta 70 kafin Miladiyya, cikin manyan laifuffukan da ya lissafa masa har da sa a daki ɗan ƙasa a bainar jama'a a garin Messana na tsibirin Sisili.

To, amma ba a dandalin hukunci kaɗai kalmar ta tsaya ba, kuma nan ne tarihinta ya fara ban sha'awa. Manoman Rum suna kiran siririn tohon da yake fita a ƙarshen reshen inabi flagellum, haka yake cikin rubuce-rubucen Varro da Columella a kan aikin gona. Virgil ya kira tsirkiyar fatar da ake ɗaura wa mashi da wannan suna. Ovid kuma, cikin doguwar waƙarsa ta rikiɗar halittu, da ya zo siffanta dabbar nan ta teku mai hannuwa takwas tana kanannaɗe abin da ta kama, hannuwan nata ya kira flagella. Ashe tun ƙarni na farko Barume ya riga ya ɗauke sunan daga hannun mai hukunci ya ba gaɓar halitta mai rai. Abin da ya haɗa duka waɗannan ma'anoni siffa ce kawai: abu dogo, siriri, mai lanƙwasa, wanda gindinsa yake maƙale da wani abu, kansa kuwa yana sake.

Girkawa ma sun ari kalmar, abin da ba su cika yi ba, domin galibi Latin ne mai aro daga Girkanci. Cikin littafin Yohanna na Sabon Alkawari, sura ta 2, bulalar igiya da aka ambata a labarin korar 'yan kasuwa daga Haikali an kira ta phragellion. A lura da yadda harafin l na farko ya koma r. Su kansu talakawan Rum haka suka riƙa furta ta, har wani malamin nahawu na ƙarshen zamaninsu, cikin jerin gyare-gyaren da aka sani da Appendix Probi, ya gargaɗi ɗalibansa da su bar cewa fragellum. Wannan musanya ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin Hausa, wanda ya san Basakkwace yana cewa halshe inda Bakano yake cewa harshe, ko kuma galma da garma.

Daga nan kalmar ta rabu biyu. A ƙauye ta zama sunan abin bugun hatsi, watau sanduna biyu da aka haɗa da fata, ana riƙe ɗaya ana fyaɗa ɗayar a kan alkama. Daga wannan ma'ana ce Ingilishi ya sami flail, Jamusanci ya sami Flegel, Faransanci kuma fléau. A bakin malaman coci kuwa ta zama azabar da Allah yake saukar wa mutane saboda zunubansu. Attila, sarkin Hunawa da ya auka wa Italiya a shekarar 452, marubutan da suka zo bayansa sun yi masa laƙabi da flagellum Dei, bulalar Allah. A 1260 wata ƙungiya ta ɓulla a garin Perugia, mutanenta suna yawo gari gari suna zane jikinsu da bulala domin neman gafara. Da baƙar annoba ta mamaye Turai sai abin ya sake tashi da ƙarfi, har Fafaroma Clement na shida ya haramta shi a 1349. Abin mamaki, mutanen nan da ake kira da sunan bulala suna dukan kansu ne don tsoron wata ƙwayar cuta da ba su san da ita ba, kuma sai bayan shekaru ɗari biyar sunan bulalar tasu zai shiga ilmin ƙwayoyin cuta.

Wanda ya fara leƙa duniyar ƙananan halittu shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda yake wasa gilasansa da hannunsa. Daga 1674 ya riƙa aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan wasiƙu yana ba da labarin abubuwan da ya gani suna yawo cikin ɗigon ruwa. A 1677 ya ba da labarin ƙwayoyin maniyyi da wutsiyoyinsu, a 1681 kuma ya duba gudawarsa ta kansa ya ga halittar da yanzu ake kira Giardia. Shi bai san Latin ba. Da harshen garinsu ya yi rubutu, kuma abin da ya gani yana motsi a jikin halittun nan ya kira shi ƙafafu ko wutsiya, kamar yadda kowane mutum zai yi in ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Latin ya shigo ne ta hannun waɗanda suka zo tsara halittun aji aji, domin a zamanin shi ne harshen ilmi a Turai duka. Otto Müller na ƙasar Denmak, wanda littafinsa ya fito a 1786, ya kira gajerun gasun nan masu yawa da suke kewaye jikin waɗansu halittu cilia, daga kalmar Latin ta fatar ido, saboda sun yi kama da gashin ido. Dogon zaren kuwa an daɗe ana gardama a kansa. Christian Ehrenberg na Balin, cikin babban littafinsa na 1838, ya ɗauka ƙananan halittun nan cikakkun dabbobi ne masu ciki da hanji, saboda haka zaren da ya gani a gaban waɗansunsu ya ɗauke shi kamar hannun giwa, abin kai abinci baki. Bafaranshe Félix Dujardin ne ya ƙi yarda. Cikin littafinsa na 1841 ya nuna babu wani ciki ko hanji, zaren kuma abin tafiya ne, ya siffanta shi da zare mai kamar bulala. Siffantawar nan ce ta kama. Ba da daɗewa ba aka kira rukunin halittun Flagellata, a 1866 kuma Karl Diesing ya ba su sunan Girkanci, Mastigophora, daga mastix, bulala, watau masu ɗauke da bulala. Jamusawa suka fassara da tasu kalmar, Geissel. Larabawa ma da suka zo fassara kimiyyar zamani sauɗ suka ce, kalmar da almajiri ya sani cikin Suratul Fajri.

Lalle Dujardin bai yi kuskure ba game da abin da ya gani. Duk wanda ya taɓa kallon jinin saniya mai sammore ta madubin likita ya ga yadda ƙwayar take fyaɗa zarenta tana ture ƙwayoyin jini, zai ce bulala ce. Wannan halitta, wadda ƙudan tsando yake yaɗawa, David Gruby ne ya raɗa wa danginta suna Trypanosoma a 1843, bayan ya gan ta cikin jinin kwaɗo. David Bruce ya gano ita ce mai kashe shanu a ƙasar Zulu a 1895, sa'an nan a 1902 Joseph Dutton ya ba da sunan wadda aka samu cikin jinin mutum a Gambiya, mai kawo ciwon barci. Saboda ita ce aka tashi mutanen Ancau da kewayenta a ƙasar Zazzau daga ƙarshen shekarun 1930, aka gina Takalafiya. Har yau masana suna kiran matakan rayuwarta da kalmar nan ta Girkanci, gwargwadon inda bulalar ta fito a jikinta, ko kuma rashinta.

Matsala ta taso ne da aka miƙa sunan ga bakteriya, waɗanda suka fi waɗancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zaren bakteriya kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita ba, madubin da yake aiki da haske kuwa ba ya iya rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin 5,000. Ferdinand Cohn ya hango shi a jikin wata babbar bakteriya a 1872, Robert Koch ya ɗauki hotonsa a 1877, amma sai a 1890 ne Friedrich Loeffler ya kyautata hanyar rina shi. Dabararsa ita ce ya fara jiƙa shi da wani haɗi mai sinadarin tanin, irin wanda yake cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita, har ya yi kauri, sa'an nan launi ya kama. Sai dai rini ba ya yiwuwa sai an kashe ƙwayar an busar da ita a kan gilashi. Abin da masana suka gani ke nan: matacciyar halitta da zare mai lanƙwashe-lanƙwashe a jikinta. Suka ce ai wannan bulalar ce, ƙarama dai. Ba wanda ya ga yadda take aiki.

Wani ɓurɓushi na wancan zamani yana nan a takardar gwajin taifot da ake ba marasa lafiya a asibitoci, inda ake ganin haruffa biyu, O da H. A 1917 Edmund Weil da Arthur Felix suka lura cewa bakteriya masu zare suna bazuwa a kan farantin da ake renon su, su bar wani hazo kamar wanda numfashi yake bari a kan madubi. Hazon nan da Jamusanci Hauch ne, marasa zare kuwa aka ce ohne Hauch, watau babu hazo. Saboda haka H ɗin nan ta takardar asibiti zancen flagellum take yi.

Da madubi mai aiki da lantarki ya samu, sai bambanci ya fara fitowa fili. Irene Manton da abokin aikinta a 1952, da Don Fawcett da Keith Porter a 1954, suka nuna cewa bulalar manyan ƙwayoyin halitta, irin ta sammore da ta maniyyi, tana cikin rigar fatar ƙwayar, kuma a cikinta akwai siraran bututu tagwaye guda 9 a kewaye da guda 2 a tsakiya. A 1965 Ian Gibbons ya ba da sunan furotin ɗin da yake sa bututun nan su riƙa zamewa a jikin juna, abin da yake sa bulalar ta lanƙwasa daga gindi har kai. Ƙarfinta a cikin jikinta yake. Wani abin kuma, gajerun gasun da Müller ya kira cilia, irin waɗanda suke share majina daga hanyar numfashin mutum, ginin cikinsu ɗaya ne da wannan bulala. Zaren bakteriya kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Furotin iri ɗaya ne aka jera, wanda William Astbury da abokansa suka kira flagellin a 1955, kuma babu wani abu a cikinsa da zai sa ya lanƙwasa da kansa. Aka wayi gari abu ɗaya yana da suna biyu, abubuwa biyu kuma suna da suna ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

A 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar cewa zaren bakteriya ba fyaɗi yake yi ba, juyawa yake yi. A sandare yake, a murɗe kamar wayar da aka naɗe a jikin sanda aka zare sandar, kuma a gindinsa akwai wani ɗan inji da aka dasa cikin bangon ƙwayar, shi yake juya shi kamar farfelar jirgin ruwa. Shekara ɗaya bayan haka Michael Silverman da Melvin Simon suka tabbatar da zancen ta wata hanya mai sauƙin fahimta. Suka manne zaren a jikin gilashi yadda ba zai motsa ba, sai jikin bakteriyar gaba ɗaya ya shiga juyawa, kamar a riƙe fikafikan fanka gindinta ya kama katantanwa. Injin nan yana iya juyi ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, a 1994 ma an auna na wata bakteriyar teku yana kaiwa 1,700. Yana kuma sauya hannu: in ya juya ta hagu zarurrukan sukan haɗu su tura ƙwayar gaba, in ya juya ta dama sai su warwatse ta yi tangal-tangal ta sake alƙibla. Dalilin wannan tsari Edward Purcell ya bayyana shi a 1977. Ga halitta mai wannan ƙanƙanta ruwa yana da danƙo kamar mutum ya faɗa cikin randar zuma, in ka tura hannu gaba ka dawo da shi yadda ya tafi, kana nan inda kake. Sai motsin da ba ya maimaita kansa da baya, irin juyin abu murɗaɗɗe, shi yake kai ta wani wuri. Ƙwayar kwalara da ta taifot duka da wannan inji suke tafiya.

Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma ana iya zargin cewa linzamin bulala ya taimaka wajen karkatar da tunani zuwa fyaɗi na tsawon shekaru, ko da yake babban dalilin jinkirin shi ne rashin kayan aiki, da kuma ganin da ake yi cewa babu wata halitta mai gaɓar da take juyawa kamar ƙafar keke. An yi ƙoƙarin gyara sunan. Lynn Margulis ta daɗe tana kira da a bar wa bakteriya flagellum, a kira ta manyan ƙwayoyi undulipodium, ƙafa mai kaɗawa. Shawarar ba ta karɓu sosai ba, kuma da ta karɓu da an ƙwace sunan bulala daga abin da yake bulala an bar wa wanda ba ya yi. Da aka gano cewa rukuni na uku na halittu, waɗanda ake kira arkiya, nasu zaren ma juyawa yake yi amma gininsa daban ne, Ken Jarrell da Sonja Albers suka ba shi suna archaellum a 2012, wannan kuwa ya sami shiga. Sabon abu yana karɓar sabon suna cikin sauƙi. Wanda ya riga ya cika littattafai shi ne mai wuyar taɓawa.

Hausa ba ta da wannan nauyi a kanta, domin ita yanzu ne take raɗa suna, bayan an san yadda abin yake aiki. Hanyoyin da ta saba bi kuwa sanannu ne. Tana iya aro ta gyara lafazi. Tun da ba ta yarda da baƙaƙe biyu a farkon kalma ba, sai ta sa wasali a tsakani, kamar yadda ta yi a fulawa da filasta da firamare. Ta Ingilishi kalmar ta iso, inda g ɗin Rumawa ya koma j, saboda haka abin da zai fito shi ne filajela. A nan akwai abin lura: a Latin flagella jam'i ne, amma kunnen Bahaushe da ya ji wasalin a a ƙarshe zai ɗauke ta tilo ce, tamata, ya ce filajela ce, in ya so ya ƙera mata nasa jam'in. Tana kuma iya faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar yadda jirgi ya tashi daga kwalekwale ya hau dogo ya kuma tashi sama. Irin wannan faɗaɗawa ba ta rasa ɗan aibu. Ita kanta ƙwayar cuta da ake cewa, mafi yawan halittun da ake nufi ba sa kawo cuta, har da waɗanda suke mai da madara kindirmo.

In fassara za a yi, bulala ta dace da ta sammore da ta maniyyi, tsumagiya ma ta fi kusa da ƙanƙantawar da ke cikin Latin. Amma sa wa bakteriya bulala gadon kuskure ne da gangan, alhali a madafa akwai maburgi, wanda ake murzawa tsakanin tafin hannu, a wurin masu kaɗi kuma akwai mazari. Abin da ya fi dacewa shi ne a sami kalma ɗaya da za ta tsaya a madadin flagellum, domin ɗalibin da zai koma littafin Ingilishi kalma ɗaya zai tarar, sa'an nan a bambanta da siffa. Jela ta isa wannan aiki. Ba ta ce fyaɗi ba, ba ta ce juyi ba, ana iya cewa jela mai kaɗawa da jela mai juyawa. Ga shi kuma, bisa katari kawai, ba don wata dangantaka tsakanin harsunan ba, tana nan zaune a ƙarshen filajela, abin da zai sauƙaƙa wa yaro tunawa. Aibunta ɗaya: jela a baya aka san ta. Ta maniyyi a baya take tana turawa, amma ta ƙwayar sammore tana bin gefen jikinta ne ta ɓulla ta gaba, kuma galibi ita take jan ƙwayar, saboda haka malamin da ya zaɓi wannan kalma sai ya shirya amsa wa ɗalibin da zai tambaye shi yadda aka yi jela ta riga kai.